Tulun Matan Zumunta

A Gombe, inda ƙaramin yaro ma ya san kuɗin jarkar ruwa a hannun 'yan garuwa, akwai wani tulu da ba a zuba masa ruwa ko ɗigo. Wanda yake zama a bakin titi a Kumbiya-Kumbiya da la'asar yakan ga wucewarsa cikin Keke Napep. Wata dattijuwa ta rungume shi a cinya, wasu mata sun matsu a gefenta, zanensu iri ɗaya, kallabinsu iri ɗaya, kowace da Littafi Mai Tsarki a jaka. Matan Zumunta ke nan. Tulun na kiɗa ne: ana dukan bakinsa da faffaɗan soso, sai ya ba da wata murya mai kauri wadda ƙirji ke riga kunne ji. Caki da kacau-kacau su bi bayansa, mace ɗaya ta ba da waƙa, sauran su amsa.

Abin da ya ja hankalina shi ne, daga ganinsu ba ka iya sanin inda suka nufa. Zanen da suka ɗaura zuwa biki shi za su ɗaura zuwa makoki. Tulun da aka buga ranar godiyar haihuwa shi ake ɗauka zuwa gidan da aka yi rashi, kuma kiɗan bai cika sauyawa ba. Sai dai ka tambaya: "Mama, ina aka nufa?" Ta ce gaisuwa za su, mijin wata 'yar'uwa ne ya huta.

Yawancinsu asalinsu kudancin jihar ne, Tangale da Waja da Tula da Cham da Dadiya, inda 'yan mishan na SIM suka fara zama a Kaltungo a 1917, kuma daga aikin mishan ɗin ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Kowace da yarenta a gida, amma in an haɗu Hausa ce ke ɗaukar waƙar, kamar yadda take ɗaukar karatun tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Shi ya sa maƙwabci Musulmi da ke jiyo su ta katanga yake gane kowace kalma, ko da bai taɓa leƙa coci ba.

Kuma akwai abin ji. Ran Lahadi fasto zai hau bagadi ya buɗe Romawa sura 6, ya yi bayani a kan yadda zunubi ke mallakar mutum ya mai da shi bawa, da yadda mutuwar Almasihu da tashinsa suka kwance wannan igiya. Bayani ne mai zurfi, wani lokaci har ya fi ƙarfin wanda ya kwana yana tunanin kuɗin makaranta. In matan suka miƙe da tasu waƙar, sai su sauko da maganar tsakar gida. Zunubi a bakinsu yana da suna da adireshi: gulma a wajen niƙa, burkutun da ke cinye albashin maigida, zuwa wurin boka a ɓoye bayan an fito sujada, gaba tsakanin matan wa da ƙane da ta shekara ba a gaisa ba. Yawancin waƙoƙin su suke tsara abinsu, don haka sun san inda ƙaya take. Za ka ga maza a bencinsu suna murmushin da bai kai zuci ba. A ganina wannan wa'azin ya fi kama jiki, domin mai gulma ba ta rasa gane kanta in an ambaci gulma, alhali "bautar zunubi" kowa na iya tura ta kan na kusa da shi.

Inda na daɗe ina juya magana shi ne kiɗa a gidan makoki. Mu a nan mun saba ta'aziyya ta tafi da sanyin murya, a ce sai haƙuri, a yi addu'a, a tashi. Ganin mata suna rausaya a gaban gawa yana iya ba baƙo mamaki, har ya ɗauka rashin ta ido ne. Su kuwa suna da madogara. Sukan kawo labarin Bulus da Sila a kurkukun Filibi, cikin Ayyukan Manzanni sura 16, waɗanda aka yi wa bulala aka sa ƙafafunsu a turu, amma tsakar dare ta same su suna waƙar yabo. Abin lura a labarin, sun fara waƙar ne tun ƙofa tana kulle, ba su san za a yi girgizar ƙasa ba. Daga nan matan suka ɗauko cewa sujada ba ta jiran sai wahala ta wuce.

Ba daga littafi kaɗai suka koyi wannan ba, garin ma ya koyar. A ranar 5 ga Janairun 2012 'yan bindiga sun buɗe wuta a cocin Deeper Life a Gombe ana tsakiyar addu'a. A Yulin 2015, ana sayayyar jajiberin Sallah, bam ya tashi a babbar kasuwa, bai tambayi addinin kowa ba. A daren Ista na 2019 mota ta afka cikin jerin gwanon yaran Boys' Brigade, iyaye suka binne 'ya'yansu. A gabas da mu kuma, matan Zumunta na EYN, ikilisiyar da yawancin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a 2014 suka fito daga cikinta, sun je Amurka a 2015 suna zagaya coci-coci da waƙa, a lokacin da da yawa cikin mutanensu ke gudun hijira.

Duk da haka ba zan ce kiɗan yana yi wa kowa daɗi ba. Akwai uwar da a ranar ba ta son jin komai, kuma akwai masu amsa waƙa da baki hankalinsu na kan shinkafar da za a raba. Mutane ne. Abin da ya sa nake ganin girman abin nasu shi ne aikin da ke biyo bayan waƙar, wanda ba shi da amo. In an tashi taro, ma'aji ta buɗe littafinta, a karanta wadda ta ba da gudummawa da wadda ake bi. A lissafa wa ke kwance a Asibitin Ƙwararru, wa aka kai Asibitin Koyarwa na Tarayya, wace gwauruwa ce baƙin makoki suka watse suka bar ta da yara da buhun da ya kusa ƙarewa. Sai shugabar ta fara rabon aiki, ba ta neman shawarar kowa: wance itace, wance wanki, wance kwanan asibiti.

"Mama, ke ce da kunu ran Laraba."

"Ni na kai na makon jiya fa."

"To, kin san hanya ke nan."