Ƙasar da 'yan kwana-kwana ke dakon nonon uwa

A Burasiliya, babban birnin ƙasar Burazil, idan motar 'yan kwana-kwana ta tsaya a ƙofar wani gida ba lallai gobara ce ta tashi ba. Wadda na gani da hantsi a wata unguwa ba jiniya ba gaggawa. Jami'a ɗaya ce ta sauko riƙe da akwatin ƙanƙara ta ƙwanƙwasa ƙofa. Maijego ta leƙo da jinjiri a kafaɗa, ta miƙo kwalabe biyu da suka daskare, ta karɓi wasu wankakku. Abin da ke ciki nononta ne, rarar da ɗanta ya sha ya bari, ta tatse ta adana a firiza don bakwainin da ba ta san ko na wane ne ba.

Na bi sawun kwalaben har wani asibitin gwamnati. A ɗakin jarirai sai da aka sa ni wanke hannu har gwiwa, aka ɗaura mini hula da takunkumi. Yaran suna kwance cikin kwalba, wasu nauyinsu bai kai kilo ɗaya ba, fatarsu shara-shara ana ganin jijiyoyi. Ba su iya tsotso ba tukuna, don haka ta wata 'yar siririyar roba da aka zura ta baki zuwa ciki ake ba su abinci. Nas ta zuƙi nono a sirinji, abin da bai cika ƙaramin cokali ba, ta ɗaga ta bar shi yana gangarawa a hankali. Ta bakin tafinta ta ce mini, “Wannan, mililita ɗaya ya ishe shi sha ɗaya.”

Me ya sa ba za a dama masa madarar gwangwani ba? Hanjin bakwaini bai nuna ba. Akwai wata cuta da ke kama shi har wani sashe ya ruɓe, tana kuma kisa, kuma ta fi samun yaran da aka ba madarar shanu fiye da waɗanda suka sha nonon mutum. Na mahaifiya shi ne gaba da komai, amma macen da ta haihu a wata shida ko bakwai, ga ciwo ga fargaba, sau da yawa nononta kan yi jinkirin kawowa. Na sadaka yana riƙe yaron ne kafin nata ya zo.

Tun 1943 aka buɗe rumbun nono na farko a ƙasar, a birnin Riyo de Janero, a cibiyar da yanzu ake kira Fernandes Figueira. A wancan zamani sayen nonon ake yi, kuma matan da talauci ya kai su ga sayarwa sukan rage wa nasu 'ya'yan. A 1985 aka sake tsari, ƙarƙashin jagorancin wani masani mai suna João Aprígio Guerra de Almeida: aka daina biya, aka mai da shi kyauta, aka kuma nemi hanyar yin aikin da abin da ke hannu. A 1998 ma'aikatar lafiya da gidauniyar Oswaldo Cruz suka haɗe rumbunan wuri guda. Yau sun haura 200, babu ƙasar da ta kai Burazil yawansu, kuma a 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba wannan aiki lambar yabo ta Sasakawa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne kwalaben. Na zaci zan ga kayan Turai masu tsada. Ina! Kwalaben kofi ne da na mayonis, masu murfin roba, irin waɗanda mu muke zuba yaji a ciki idan sun ƙare. Jama'a ke tara su suna kai wa asibiti. A kankare takardar jiki, a tafasa minti 15, shi ke nan. Masu bincike sun gwada sun ga gilashin yana jure daskarewa da zafi, sai suka sallami na odar waje.

Sauƙin kwalba dai bai sa an sassauta bincike ba. Mai bayarwa sai an duba lafiyarta da sakamakon gwajin jininta. Nonon ba ya wuce kwana 15 a firizar gida. Da ya iso asibiti za a narkar da shi, wata ma'aikaciya ta ɗaga kwalbar a haske tana neman gashi ko datti, ta kuma shinshina. Da hanci, wallahi, kuma an koya mata warin da ke nuna lalacewa. Sannan a auna tsaminsa, a auna maiƙonsa don a san ƙarfin da zai ba jiki. Bayan nan a jera kwalaben cikin ruwa mai zafin digiri 62.5 na minti 30, wanda ke kashe ƙwayoyin cuta har da ta ƙanjamau, a sanyaya nan take, a ɗebi kaɗan a kai ɗakin gwaji. Wanda ya tsallake yana iya wata shida a daskare. Likita ne ke rubuta wanda za a ba kowane yaro: dakashi ga sabon zuwa, mai maiƙo ga wanda ake so ya yi nauyi.

Duk wannan zagaye tambaya ɗaya ce ke cina, wadda duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala zai yi. Yaron da ya sha nonon wata ai ya zama ɗanta, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa, aure ya haramta a tsakaninsu. A mazhabar Malikiyya ko kaɗan ne ya isa ciki a cikin shekara biyu, ko da ɗura aka yi, hukuncin ya tabbata. Saboda gudun cakuɗuwar nan ne Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta hana kafa irin waɗannan rumbuna. Shehu Yusuf al-Ƙaradawi kuwa ya halatta, kuma Iran ta buɗe nata a Tabriz a 2016.

Da na faɗa wa nas ɗin, sai ta zaro ido. Su a wurinsu abin da hukuma ke hanawa shi ne mace ta ɗauki ɗan wata ta sa a ƙirji, saboda tsoron cuta, wato dai abin da kakanninmu suka ɗauka taimakon zumunci. Ta ce, “Kana nufin duk waɗannan yaran 'yan'uwan juna ne?” Na ce wasunsu, in kwalbar mace ɗaya suka sha. Sai ta jawo wata ta nuna mini lambar da ke jiki. Kowace kwalba tana komawa ga mai ita a rubuce, kuma ana rubuta yaron da aka ba. Don bin sawun cuta suka yi haka, ba su san wata maganar aure ba. Amma a ganina rabin abin da malamanmu ke tsoro wannan rubutun ya ɗauke shi. Sauran rabin, wato a sanar da iyalan biyu sunan juna, Burazil ba ta yi, domin a can sirri ne.

'Yan Burazil dai sun kai tsarin nasu Afirka, ƙasashen da ke jin harshen Fotugal: Kef Bade a 2011, daga baya Mozambik da Angola.