Ciwon Da Ya Ɓuya Wa Likitoci

Mu 'yan aji shida ba za mu taɓa mantawa da zango na biyu na bara ba. A lokacin ne malamarmu ta lissafi ta fara canzawa. Mace ce mai kaifin basira, amma sai ga ta tana cikin aiki a allo ta tsaya, ta dafe kai, ta manta inda ta dosa. Mu kuwa, don ƙuruciya, muka riƙa dariya a ɓoye. Wasu suka ce sammu ne. Lalle rashin sani ya fi dare duhu.

Bayan 'yan makonni ta daina jin muryar samarin da ke bayan aji. Likitan kunne ya duba nasa ɓangaren, ya sallame ta. Can kuma wani gefe na ganinta ya dushe, likitan ido shi ma ya duba nasa.

Sai da aka kai ta wani asibitin koyarwa, likitan ƙwaƙwalwa ya haɗa takardun a teburi ɗaya. Hoton MRI ya nuna fararen tabo kamar curin auduga a tsakiyar gadar da ta haɗa ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu. Aka yi mata allurar rini, aka ɗauki hoton cikin ido, aka ga ƙananan hanyoyin jini sun toshe. Gwajin ji kuma ya nuna sauti mai kauri ne ya ɓace mata, shi ya sa muryar samari ta fara gagararta.

Sunan cutar ciwon Susac, don likitan Amurka John Susac ne ya bayyana ta a 1979. Garkuwar jiki ce ke afka wa ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa da ido da kunne. Ta fi kama mata 'yan shekara 20 zuwa 40, kuma alamun uku ba safai suke zuwa tare ba. Ashe hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko a asibiti.

An ba ta magungunan kwantar da garkuwar jiki, ta dawo aji. Tunaninta ya daidaita, amma jin kunnenta na hagu bai dawo ba. Ran da ta dawo, shugaban ajinmu ya miƙe ya ce, "Malama, ki gafarce mu." Ta yi murmushi ta ce mu buɗe littafi. Tun daga ranar, duk mai tambaya sai ya tashi ya tsaya ta damanta.