Daga Barkin Sale Zuwa Maraɗi

Yau wata tsohuwar muhawara ce ta dawo mini, wadda muka yi a majalisarmu ta bakin shagon mai shayi a nan Barkin Sale cikin watan Agustan 2023.

Ni dai ɗan Maraɗi ne, neman abinci ya kawo ni Minna, na kuma yi aure a nan. Da sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ban ji daɗi ba ko kaɗan, don na san abin da mulkin soja yake. To amma kwana huɗu kacal bayan haka sai shugabannin ECOWAS, wadda mu a gida muke kira CEDEAO, suka taru a Abuja suka ba sojojin wa'adin mako guda, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, madatsar Kainji da ke cikin wannan jihar da nake zaune tana cikin masu ba Yamai wuta ta layin Birnin Kebbi. Mahaifiyata na kwance ba lafiya a lokacin, hanyar Jibiya a rufe, sai dai waya.

Wani malamin makaranta a majalisar ya ce mini, "Malam, in ƙasashen dimokuraɗiyya ba su haɗa kai sun tsawatar ba, gobe kowane kanar zai tashi da bindiga." Ya kawo misalin Gambiya a 2017, inda matsin ECOWAS ya sa Yahya Jammeh ya bar wa Adama Barrow kujera. Gaskiyarsa ce, ban musa ba. Na dai tambaye shi ina wannan tsawa take a 2020, lokacin da Alpha Condé da Alassane Ouattara suka zarce wa'adi na uku. Talaka na gani. Ƙawancen da ke kare kujerar shugaba amma bai kare ƙuri'a ba, da wuya mutanen kasuwa su ɗauke shi nasu.

Wanda aka tura sulhu kuwa mutumin garin nan ne, Janar Abdulsalami Abubakar, wanda ya miƙa wa Obasanjo mulki ranar 29 ga Mayun 1999, ya kuma shiga tsakani a rikicin Laberiya a 2003. Zuwansa na farko Yamai tare da Sarkin Musulmi bai ga Janar Tchiani ba, sai a na biyu ya gan shi, ya ga Bazoum. Na daɗe ina tunanin da da shi aka fara kafin barazanar yaƙi, wataƙila da ba a kai inda aka kai ba.

An janye takunkumin a Fabrairun 2024, amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun ce sun fita, fitar ta tabbata a Janairun 2025, ƙungiyar na da shekara hamsin ba 'yan watanni. ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfonsu da barin jama'arsu su yi zirga-zirga kafin a daddale sabon tsari. Da wannan fasfon nake zaune a Barkin Sale, kuma babban ɗana ya fara tambayata shi ɗan wace ƙasa ne.