Zaure, Allo da Gaɓar Kogi: Nasiha Ga Magidantan Ƙasar Haɗeja

 

A ƙasar Amurka akwai wasu iyalai mabiya ɗariƙar Katolika waɗanda suka zaɓi su riƙe 'ya'yansu a gida su karantar da su da kansu, uwa ta ɗauki karatu da rubutu da lissafi, uba ya ɗauki abin da ya sawwaƙa gare shi bayan ya dawo daga aiki, da maraice su taru su ja carbinsu na rosari su bita wa yara aƙidarsu, kuma da yawa daga cikinsu sukan keɓe wani lokaci da za su fita gaba ɗaya, babba da yaro, su yi tafiyar ƙasa ko gudu ko hawan keke. Tun daga 1993 doka ta halatta irin wannan karatu a dukkan jihohin ƙasar hamsin. Hujjar da suka dogara da ita daga manyansu ta fito, domin babbar majalisar malaman cocinsu da ta zauna a Vatican daga 1962 zuwa 1965 ta tabbatar da cewa iyaye su ne malaman farko na 'ya'yansu, har ta siffanta gidan mutum da ƙaramin coci. Fafaroma John Paul na biyu kuma, wanda ya ziyarci Kaduna a 1982, ya ƙarfafa wannan magana a wasiƙarsa ta 1981 game da iyali. Tun kafin su ma, wani limaminsu mai suna Don Bosco ya tara yara marasa galihu a birnin Turin na Italiya cikin ƙarni na 19, ya gina tarbiyyarsu a kan addu'a da sana'a da filin wasa.

Bari in yanke hanzarin wanda zai zaci ina kira ne a cire yara daga makaranta. Matar da take karantar da 'ya'yanta a can, galibi ta yi karatu mai zurfi, tana da littattafai da wuta da natsuwa. Mu kuwa cutarmu a Jigawa ita ce yawan yaran da ba su zuwa makarantar ko kusa, alhali dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro shekara tara na karatu. Wanda ya riƙe ɗansa a gida a halin da muke ciki, da sunan zai koya masa da kansa, mafi yawan lokaci talla ko kiwo zai koya masa. Hatta maƙwabtanmu Katolika da ke zaune tare da mu, waɗanda al'amuran addininsu ke ƙarƙashin bishop na Kano, makaranta suke tura 'ya'yansu kamar kowa. Abin da ya cancanci a tsaya a yi nazari a kansa shi ne yaƙinin da waɗancan mutane suke da shi cewa tarbiyyar ɗa, ruhinsa da jikinsa duka, amana ce a wuyan wanda ya haife shi, kuma malami mataimaki ne kawai a kanta. Wannan yaƙini kuwa gadonmu ne tun kaka da kakanni, sai dai mun sake shi yana zamewa daga hannunmu.

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san matsayin zaure. A nan yaro yake fara babbaƙu da farfaru, a nan ake rubuta masa allo ya wanke, a nan yake jin mahaifinsa ko kakansa yana tilawa tun kafin alfijir ya keto, har kunnensa ya saba da ƙira'ar Warshu kafin bakinsa ya iya furta ta. Ƙasar Haɗeja ta yi suna da alarammomi da gwanaye, kuma da wuya ka binciki tarihin wani gwani ka tarar ba a gida aka fara ɗora masa harsashi ba, kafin ya tafi tsangaya ya bi matakan kolo da titibiri da gardi. Idan ya sauke, sai a shiga Ahalari da Ishmawi da Iziyya, a kai ga Risala, littafin da Ibn Abi Zaid na Ƙairawan ya wallafa musamman domin a koya wa yara. A cikin gida kuma uwa ce mai koyar da tsarki da alwala, da ladubban ci da sha, da addu'ar kwanciya barci, da yadda ake durƙusawa a gaida manya. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausar magana cikin Nurul Albabi a kan malaman da suke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin 'yan taru, inda malamai mata da ake kira jaji suke kai karatu har cikin ɗakunan matan karkara. Ashe ke nan magabatanmu sun ɗauki gida a matsayin makaranta tun da daɗewa.

Abin da aka fi mancewa da shi shi ne cewa wannan gida da ya koyar da allo, shi ne kuma ya hori jiki, ba tare da kowa ya kira abin da wani suna na musamman ba. Yaron da ya biya allonsa da hantsi, shi ne zai bi mahaifinsa fadama da ƙafa, ya yi dashen shinkafa ko ya kori tsuntsu, ya ɗauko itacen da za a hura wutar karatun dare. Ranar Alhamis da Juma'a da aka tashi makaranta, yana dandali ana langa da kokawa, 'yar'uwarsa tana gaɗa da carafke bayan ta gama surfe da daka tare da uwarta. Ɗan masunci kuwa tun yana ƙarami yake sanin yadda ake kwanciya a kan gora, da tuƙa kwalekwale, da jefa koma, kuma ubansa ne malaminsa. Mutanen da suka tsaya tare da Sarkin Haɗeja Muhammadu Mai Shahada a yaƙin 1906, irin wannan reno suka samu, na imani a zuci da ƙwari a gaɓoɓi.

Yau fa? Uba yana fita da asuba a kan babur, ba ya dawowa sai yara sun yi barci. Ya biya kuɗin boko, ya biya na Islamiyya, ya ɗauka ya sauke nauyi. Injin niƙa ya karɓi aikin turmi, adaidaita sahu ta karɓi aikin ƙafa, waya ta karɓi dandali, kuma ba na zargin ko ɗaya daga cikinsu, domin kowanne ya kawo sauƙi na haƙiƙa, musamman ga mata waɗanda wahala ta daɗe tana cinye ƙuruciyarsu. Sai dai motsin da rayuwa take tilasta mana a da, yanzu sai mun ƙudurta shi da niyya, in ba haka ba hawan jini da ciwon suga, waɗanda a da ake jin labarinsu a gidajen masu hali, za su ci gaba da shigowa gidajen talakawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na awa ɗaya kowace rana, baligi kuma aƙalla minti 150 a mako. Magidanci ya lissafa wa kansa, ya lissafa wa matarsa da take cikin kulle, ya ga ko sun kai.

Kada wani ya ce wannan al'adar Turawa ce. Ya tabbata a cikin Sunan na Abu Dawuda cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Uwar Muminai A'isha, ta riga shi a karon farko, bayan wasu shekaru kuma shi ya riga ta. An ruwaito ya yi kokawa da Rukana, gwarzon Ƙuraishawa, ya kayar da shi. Kuma jikokinsa sun hau bayansa yana cikin sujada bai tsawata musu ba. An danganta wa Sayyidina Umar umurnin a koya wa yara ninƙaya da harbi da hawan doki. Imam Gazali, da ya zo bayanin tarbiyyar yara cikin Ihya'u, ya yi wasiyya da a sabar wa yaro da tafiya da motsi a wani yanki na yini domin kada kasala ta rinjaye shi, kuma a bar shi ya yi wasa bayan ya taso daga karatu, saboda hana shi wasa yana kashe masa zuciya ya dusashe masa basira. Salla kanta, wadda aka umurce mu mu hori yara da ita tun suna shekara bakwai, da tsayuwa da ruku'u da sujada ake yin ta, kuma kowa ya ga yadda take yi wa mai ciwon gwiwa nauyi.

Mu mutanen fadama muna da wani dalili na daban wanda ya sa maganar ta fi ƙarfin sha'awa. Kogin Haɗeja, wanda ya taso daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa, ya biyo ta Wudil da Ringim, ya bazu cikin fadamun da suka miƙa har Nguru kafin ya haɗu da ruwan Jama'are ya nufi Tafkin Chadi, shi ne arzikinmu kuma shi ne jarrabawarmu. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sauya, kachalla ta toshe magudanai, ruwa ya riƙa bin inda ba hanyarsa ba. Kuma kowa ya ga abin da ambaliyar 2020 da ta 2022 suka yi a Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kiri Kasamma, da yadda samari suka kwana suna ɗaukar buhunan ƙasa suna ɗaure jinga don kada ruwa ya ci gari. Uban da yake zaune a irin wannan ƙasa bai koya wa ɗansa iyo ba, ya bar shi cikin haɗari da saninsa. Amma koyarwar tana bukatar idon babba, domin ruwan kwance mai kachalla matattarar katantanwar da ke yaɗa tsargiya ce. Yaron da aka sake ya je kogi shi kaɗai, duk inda ya ga ruwa zai faɗa. Wanda ubansa ya kai shi kuwa zai san inda ake shiga da inda ba a shiga, da lokacin da igiyar ruwa take da ƙarfi, kuma idan aka ga jini a fitsarinsa za a kai shi asibiti maimakon a ce alamar balaga ce.

Shawarar da nake bayarwa ba ta bukatar kuɗi ko kayan aiki. Magidanci ya tafi masallacin asuba da ƙafa tare da 'ya'yansa maza, su dawo ta hanya mai ɗan nisa, yana jin haddarsu suna tafe. Tsakanin magariba da lisha ya ajiye waya ya zauna a tabarma ɗaya da iyalinsa, mata da maza, a biya abin da aka koyo a Islamiyya, a karanta babi ɗaya na fiƙihu ko ƙissar wani annabi. In shi ba mai karatu ba ne, ya sa babban ɗansa ya karanta shi ya saurara, domin zamansa a wurin shi kansa darasi ne. Ya bar wa 'yan mata tsakar gida su yi tsallen igiya da gaɗa, ya ƙarfafa wa uwarsu ta shiga ciki, kuma ya riƙa fita da ita zumunci da ƙafa bayan la'asar ko da dare. Ranar da babu makaranta, a tafi gona ko lambu gaba ɗaya, kowa da aikin da ya dace da ƙarfinsa.

Na san akwai mai cewa neman abinci bai bar masa lokaci ba, kuma uzuri ne mai nauyi a wannan zamani na tsada. Amma awa ɗaya a yini ake magana, kuma da yawa daga cikinmu muna ɓatar da fiye da haka a majalisa da teburin mai shayi. Malamin Islamiyya yana da yara masu yawa a gabansa, ba zai san wanda yake ƙarya a gida ko wanda numfashinsa yake sarƙewa in ya yi gudu ba; wannan sani sai mahaifi da mahaifiya, kuma su za a tambaya ranar da kowane makiyayi zai ba da bayanin abin da aka ba shi kiwo.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu lafiya mai amfani da ilimi mai albarka, Ya kiyaye ƙasarmu daga sharrin ambaliya da fari. Wanda ya ga gyara ya gyara, wanda ya ga amfani ya isar wa ɗan'uwansa.