Kartar Faifai Ba Tare Da Faifai Ba

Duk wanda ya taɓa mu'amala da garmaho ya sani, in faifai ya cika sauri sai muryar mawaƙi ta sirance, in kuwa ya yi sanyi sai ta yi kauri kamar ta mai magagin barci. A faifai, sauri da kaifin murya Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

A kan wannan ne samarin unguwar Bronx ta birnin New York, a Amurka, suka gina sana'a. Wajen 1975 wani yaro, Grand Wizzard Theodore, ya shiga dafe faifai da hannu, yana tura shi gaba yana komo da shi a ƙarƙashin allura, har ƙarar kartar ta zama kiɗa. A 1983 waƙar Rockit ta Herbie Hancock ta kai abin kunnen duniya.

To, su kuwa masanan kwamfuta sun sha wahala ƙwarai kafin su raba sauri da murya, kuma sun ci nasara. Ni kaina ina cin moriyar haka a wurin aiki. In na ɗauko jawabin ɗan siyasa mai zuba kamar kanya, sai in sa shi cikin manhajar Audacity in rage masa sauri, muryarsa na nan yadda take, in rubuta a tsanake.

Amma mai son kwaikwayon karta, tilas ya sake ɗaura auren da aka kashe, watau ya bar muryar ta bi saurin. Na gwada. Na yanko kalma guda, na juya ta baya, na yi ta ƙara mata sauri ina ragewa. Abin ya fito tsaf, sai dai kowace karta kamar an tsaga kara da 'yar'uwarta. Hannu ba ya haka. Yakan soma a hankali, ya fizga, ya ɗan yi jinkiri, alhali ɗaya hannun yana buɗe sautin yana datsewa, kamar yadda makaɗin kalangu ke matsa shi a hammata yana sassautawa.

Kamfanin Serato na ƙasar New Zealand ya gane haka. A 2004 ya fito da Scratch Live, tare da faifan da babu waƙa a kansa sai wani sauti mai alama. Waƙar tana cikin kwamfuta, ita kuma tana sauraron faifan domin ta san inda allura take, da saurinsa, da ko gaba hannu ya tura shi ko baya.