Adakar Maharba Daga Kankiya Zuwa Kusada

'Yan'uwana mata, duk wadda ta bi hanyar Katsina zuwa Kano ta san Kankiya. In kika ratse gabas sai Kusada, ƙasar Bebeji. Bayan kaka, in an gama cire amfanin gona, za ki gamu da maharba, kowa da adakarsa a rataye.

Maharbi ba ya sayen bindiga don ado. Sai ya duba bakinta ko ƙarfen ya tsage, ya taɓa kunama, ya ɗaga ya ji nauyinta. Sa'an nan ya fita bayan gari, ya kafa sakaina a jikin tudu, ya auna ya harba. In ta kauce ya mayar wa maƙeri. Ƙaramar bindigar hannu kuwa, wato libarba, dokar 1959 ta hana riƙe ta sai da izinin Shugaban Ƙasa.

To, ga namu aikin. Ido ba ya gane adakar da ke ɗure. Ku roƙi maigida ya rataye ta inda hannun yara ba ya kai, albarushi kuma a nisanta shi da murhu. Rigakafi ya fi magani.