Bowling Green: garin da ƙanena ya je neman gida

A bazarar da ta wuce na kai wa ƙanena ziyara a Amurka, na tarar da shi cikin zullumi. Kuɗin haya a birnin Richmond ya yi masa nauyi, ga aiki ya samu a ƙauye, ga matarsa Baturiya, ga 'ya'yansu biyu ruwa-biyu. Tambayar da ta hana shi barci ita ce: shin ƙaramin gari a jihar Virginia zai karɓi irin wannan iyali? Ya ce, "Yaya, ka raka mu, kai ka fi ni karanta fuskar mutane."

Muka ɗauki hanya mai lamba 301 muka nufi arewa, tsakanin gonakin masara da waken suya da dazukan itatuwa, har Bowling Green, hedikwatar gundumar Caroline. Gari ne da mutanensa ba su wuce dubu da 'yan kai ba. Da ƙafa ka gama zagaye shi kafin shayi ya huce. A tsakiyarsa akwai tsohon ginin kotu na jan bulo, kuma a nan ne ƙafata ta yi nauyi.

A wannan gunduma ne, cikin 1958, 'yan sanda suka kutsa ɗakin Richard Loving da matarsa Mildred da tsakar dare. Laifinsu ɗaya: shi fari ne, ita kuwa baƙa mai jinin 'yan asalin ƙasar, sun je Washington sun ɗaura aure. A watan Janairun 1959 alƙali Leon Bazile ya yanke musu ɗaurin shekara guda, ya dakatar da hukuncin bisa sharaɗin su bar jihar na shekara 25. Sai a ranar 12 ga Yuni, 1967 Kotun Ƙolin Amurka ta rushe dokar baki ɗaya. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, bayan duk wannan wulaƙanci, ƙauyensu Central Point suka koma, Richard, wanda magini ne, ya gina musu gida. A can farare da baƙaƙe sun daɗe suna cuɗanya; hukuma ce ta kore su, ba maƙwabta ba.

To, yau fa? Ba zan yi wa mai karatu ƙarya ba, abin da na gani gauraye ne. A gidan cin abinci wata dattijuwa ta tsaya tana yaba gashin 'yar ƙanena, ta tambayi sunanta, ta yi ta ƙoƙarin furta shi har sau uku. A wani shago kuma mai sayarwa ta dubi yaran, ta tambayi uwarsu ko riƙonsu take yi. Murmushi take yi lokacin da ta faɗa, amma na ga yadda fuskar surukata ta canja. A kan hanyar wani gida da muka je dubawa, mun wuce tutar 'yan tawayen Kudu tana kaɗawa a ƙofar wani, sai motar ta yi tsit.

Ni dai a ganina gaisuwar bakin hanya ba ta isa ma'auni ba, domin mutanen karkarar Kudu ba sa rowar fara'a. Na shawarce shi ya leƙa makarantar da yaran za su shiga lokacin tashi, ya ƙirga masu kama da su, ya ga da wa suke wasa. Ya je washegari, ya dawo da ɗan sauƙi a ransa. Sallar Juma'a kuwa sai ya tuƙa mota zuwa Fredericksburg, kimanin rabin sa'a.

Ba su sayi gida ba. Haya suka kama ta shekara ɗaya. A makon jiya yarinyar ta kira ni ta waya. "Baffa, na yi ƙawa," in ji ta. Na tambayi yayanta shi fa, ya ce tukuna.